Hular Soja a Iganmu: Ginin da 'Yan Gurguzu Suka Bar Mana

Duk matafiyin da ya taso daga Arewa ya shiga Ikko, in hanya ta bi da shi ta gadar Eko zuwa tsibiri, ba zai rasa hango wani ƙasaitaccen gini a gefen Iganmu ba, zagayayye, mai faɗin kai da tsukakken gindi, wanda rufinsa ya ɗaga ta gaba da ta baya ya lotsa a tsakiya, har mutanen garin suka daɗe suna ce masa hular hafsan soja. Shi ne Babban Gidan Wasanni na Ƙasa, wanda Janar Olusegun Obasanjo ya buɗe ran 30 ga Satumba 1976. Ya mamaye fili murabba'in mita 23,000, tsayinsa ya kai mita 31, babban zaurensa kuwa an tsara shi ne don mutum 5,000, ban da ɗakuna biyu na majigi, da zauren taro, da wuraren baje kayan fasaha. A zamanin da aka gama shi babu irinsa a wannan yanki na Afirka, kuma tun daga ranar har yau ba a daina saɓani a kansa ba: wasu na ganin shi ne tambarin lokacin da Nijeriya ta ɗaga kai a gaban duniya, wasu kuwa na ganin shi ne shaidar farko ta almubazzarancin da ya jefa mu inda muke.

Abin da galibin masu wucewa ba su sani ba shi ne, ginin nan yana da yaya a wata ƙasa. A birnin Varna na Bulgeriya, a bakin Baƙin Teku, akwai Fadar Al'adu da Wasanni wadda aka gama a 1968, zanen wani gwani mai suna Stefan Kolchev, kuma ita aka kwaikwayo aka ƙara mata girma aka dasa a fadamar Iganmu. Wanda ya yi aikin shi ne Technoexportstroy, kamfanin gine-gine na gwamnatin Bulgeriya, a zamanin mulkin Todor Zhivkov, mutumin da ya riƙe jam'iyyar kwaminisanci ta ƙasarsa shekara talatin da biyar, wanda kuma a duk cikin shugabannin Gabashin Turai babu wanda ya fi shi yi wa Mosko ɗa'a. Ke nan gidan da aka gina don a nuna wa duniya al'adun baƙar fata, taswirarsa da injiniyoyinsa daga ƙasar 'yan gurguzu suka zo, kuɗinsa na man fetur ne da aka sayar wa 'yan jari-hujja, masu ba da kwangilar kuwa sojoji ne waɗanda ko a mafarki ba su taɓa nufin raba dukiyar attajirai ga talakawa ba.

Sababin wannan haɗuwa mai ban mamaki yana cikin yaƙin basasa. Da aka fara faɗa a 1967, Ingila ta yi ta jan ƙafa wajen sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, Amurka ta naɗe hannu, sai Tarayyar Sobiyet ta ga ƙofa a buɗe ta kawo jiragen MiG. Kuma tun da yake mutum ba ya manta wanda ya tsaya masa ranar tsanani, bayan an ajiye makamai a 1970 sai ƙasashen Gabas suka sami shiga irin wadda ba su taɓa samu ba a zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa, lokacin da ko littafin Markisanci ma ana kallon mai riƙe da shi da wutsiyar ido. Sa'an nan farashin mai ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, baitulmali ya cika ya batse, ga kuma alkawarin da aka riga aka ɗauka na karɓar bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu. Cif Anthony Enahoro, wanda gwamnatin Janar Gowon ta ɗora wa nauyin shirin, ya zagaya ƙasashe da tawagarsa yana neman abin koyi, ginin Varna ya cika masa ido, aka sa hannu a kwangila a 1973. Su kuwa Bulgeriyawa, kamar sauran 'yan'uwansu, ba da'awar aƙida ta kawo su ba. Dala suke nema don biyan bashin da ke wuyansu. A kan wannan tafarki ne kamfanin Energoprojekt na Yugoslabiya ya gina filin baje kolin Ikko ya kuma yi zanen ma'aikatun gwamnati a Kano, Rashawa kuma suka karɓi aikin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda har yau ba ta yi abin da aka gina ta dominsa ba.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin zamanin da ake magana a kai. A 1975 ma'aikatun gwamnati sun yi odar siminti da ya tasam ma tan miliyan 20, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara, sai jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, simintin kuwa yana daskarewa a cikinsu. A cikin wannan guguwa aka yi ginin Iganmu. Gowon da ya fara shi an kifar da shi a Yulin 1975, Murtala da ya gaje shi an kashe shi a Fabrairun 1976, sai na uku ne ya yanke ƙyalle.

Suka ta farko daga masu sana'ar ta fito. Masu zanen gine-gine da 'yan wasan kwaikwayo na ƙasa suka ce zanen aro ba ya rufe katara: an ɗauko zauren da aka tsara don wasannin motsa jiki a ƙasar ƙanƙara, rufaffe ruf, wanda ba ya shaƙar iska sai da na'ura, an kawo shi garin da zafi da gumi ba sa yankewa, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama, kuma wasanninmu, daga na dandali har zuwa na fada, a fili ake yinsu, 'yan kallo sun kewaye masu wasa suna amsa musu, ba a jere cikin duhu suna kallon dandamali daga nesa ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman da yake ba a rasa gwanaye a gida ba. A nan Zariya, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai sun kafa ƙungiya tun 1958 suna kira a haɗa ilmin Turawa da fasahar gida, cikinsu akwai Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Demas Nwoko; kuma shi Nwoko ya nuna a aikace, da gidan wasan da ya gina a Ibadan da cibiyar al'adu ta Oba Akenzua a Benin, cewa ana iya yin babban zaure da jar ƙasa da katako, iska tana ratsa shi ba tare da injin ba. Abin da 'yan ƙasa suka samu a Iganmu shi ne ado: sassaƙen Erhabor Emokpae a jikin bango, da gilasai masu launi na Yusuf Grillo. Ƙashin ginin na baƙi ne, kwalliyarsa ce tamu.

Mu mazauna Tudun Wada ba baƙi ba ne ga wannan zamani, ko da yake tsakaninmu da Iganmu tafiyar yini ce da dare. Unguwar tun asali Turawa sun yanke ta ne don 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba, ma'aikata da malaman makaranta da akawuna, don haka duk wata sabuwar iska da ta kaɗo Zazzau nan take fara sauka. Kafin a mai da asibitin koyarwa Shika, a nan yake, kuma dattawa suna tuna likitocin Gabashin Turai da suka duba su a cikinsa, kamar yadda tsofaffin ɗaliban Samaru ke tuna malaman Polan da na Hangari a sashen gine-gine da na injiniya. Har yau in ka zauna majalisar bayan la'asar ba ka rasa tsohon likita ko injiniya da ya yi karatu a Sofiya, ko Mosko, ko Bukares da kuɗin tallafi, wanda zai ba ka labarin sanyi da layin burodi, ya kuma ce maka duk da haka bai ga almajiri yana bara a can ba, na kusa da shi kuwa ya ce, «Haba Alhaji, ai ba ka ga masallaci a buɗe ba kuma.» A nan gardamar takan tsaya, don kowannensu gaskiya ya faɗa.

Abin lura shi ne, masu ra'ayin talakawa na ƙasar nan ba su suka bar mana manyan gine-gine ba. Malam Aminu Kano, wanda ba ɗan kwaminis ba ne ko da yake abokan hamayya sun sha jifansa da wannan suna, abin da ya bari shi ne gidan Mambayya a Gwammaja, wanda ɗan kasuwa mai matsakaicin hali ma zai iya gina irinsa. Alhaji Balarabe Musa ya hau mulkin Jihar Kaduna a 1979 aka tsige shi a Yunin 1981, majalisa ba ta ko yarda ya naɗa kwamishinoni ba. Dokta Yusufu Bala Usman da abokansa na sashen tarihi takardu suka bari da ɗalibai, kuma bayan kisan ɗalibai a Samaru a Mayun 1986 su aka zarga da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, har aka fitar da wani malamin jami'ar, Patrick Wilmot, daga ƙasa a 1988. Saboda haka duk wanda ya ɗora alhakin Iganmu ko Ajaokuta a kan gurguzu, ya saki reshe ya kama ganye. Mu muka je kasuwa da kuɗinmu muka zaɓo.

Suka ta biyu ta addini ce, kuma ita ta fi daɗewa a bakin jama'a. An yi bikin al'adun nan, wato FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, mahalarta kusan 16,000 daga ƙasashe 56, tambarinsa kuwa fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda Ingilishi suka kwashe a 1897 kuma gidan tarihinsu na Landan ya ƙi ko ba da aronta, sai kwaikwayonta aka sassaƙa. Malamai da yawa a Arewa, da limaman coci a Kudu, sun ɗauki bikin a matsayin raya jahiliyya da kuɗin al'umma, kuma daga nan ne maganar nan ta samo asali wadda har yanzu ake ji a wa'azi, wai tun ranar da aka tara gumakan duniya a Ikko albarka ta tashi daga ƙasar. Ni dai ban ga buƙatar a nemo aljanu a wannan mas'ala ba, tun da sababan zahiri sun isa: farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya kassara naira. Amma tambayar da malaman suka yi game da fifiko, wato ko ya halatta shugaba ya kashe dukiyar baitulmali a biki alhali ƙauyuka ba rijiya, tambaya ce ta fiƙihu sahihiya, kuma ba a taɓa ba su amsarta ba.

Rabon Arewa a bikin shi ne babban hawan daba da aka yi a Kaduna, inda dawakin Zazzau, da Kano, da Katsina, da Borno da sauran masarautu suka hallara, aka kuma gina otal ɗin Durbar don saukar baƙi. Ƙarshensa sananne ne: an sayar, an yi ta shari'a a kan mallakarsa, ya zama kango a tsakiyar gari shekara da shekaru, har gwamnatin jiha ta sa katafila ta baje shi a Janairun 2020, iyalan marigayi Janar Sani Abacha da ke da'awarsa suka koma kotu.

Shi ma na Iganmu da kaɗan ya tsira. Tun kafin a buɗe shi, a Fabrairun 1976, gwamnatin Murtala ta riga ta zartar da dokar mai da babban birni Abuja, wato an gama wa ƙasa zauren taronta a garin da aka yanke shawarar bari; da gwamnati ta tattara ta tashi a Disambar 1991 kuwa, sai ginin ya zama maraya mai uba da rai. Rufi ya fara yoyo, na'urorin sanyaya ɗaki suka mutu. Aka kulle babban zauren shekaru masu yawa, 'yan wasa suka koma zama a rumfunan abinci da ke ƙarƙashin itatuwan harabar, suna hangen gidan da aka ce nasu ne. Daga 2001, a mulkinsa na farar hula, Obasanjon da ya buɗe shi ya nemi a sayar, masu fasaha suka tashi tsaye suka hana. Aka yi ta maganar jingina, da otal, da kantuna, babu wadda ta tabbata.

Domin a auna laifin wannan gini da ma'aunin adalci, sai a dubi inda irinsa suka fi yawa. Mako uku bayan an rufe FESTAC, ran 4 ga Maris 1977, girgizar ƙasa ta afka wa Bukares, babban birnin Romaniya, kuma shugaban ƙasar, Nicolae Ceaușescu, ya mai da wannan musiba hujjar sake fasalin birnin yadda ransa ke so. Aka share kusan murabba'in kilomita bakwai na tsohon gari, aka tashi mutum wajen 40,000 daga gidajen kakanninsu, aka rushe asibiti da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa. Wasu majami'un ma ba su tsira ba sai da wani injiniya, Eugeniu Iordăchescu, ya yi dabarar ɗora su a kan dogo ya ja su ya ɓoye bayan dogayen benaye. A kan wannan kufai aka aza harsashin abin da aka kira Gidan Jama'a a 1984, bisa zanen wata matashiya, Anca Petrescu, da ɗaruruwan masu zane a ƙarƙashinta: ɗaki sama da 1,000, daɓen da ya kai murabba'in mita 365,000, tsayi mita 84, marmara da lu'ulu'un fitilu da darduma kusan duka na cikin ƙasa. Ana wannan aiki dare da rana ne a daidai shekarun da shugaban ya rantse sai ya biya bashin waje kaf, har ana raba wa mutane burodi da mai da sukari da kati, ana ɗauke wuta a tsakiyar hunturu, talabijin kuma sa'a biyu kacal yake yi a yini. Bai kwana a cikinsa ba. An harbe shi da matarsa ran 25 ga Disamba 1989. Yau majalisar dokokin ƙasar ce ke zama a ciki, da gidan adana zane-zane, mafi yawan ɗakunan kuwa ba kowa.

Hukuncin irin wannan gini a wajen malamanmu ba ɓoyayye ba ne. Ya zo a tarihi cewa Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib ya tare wurin, Abbas ya ƙi sayarwa, suka kai ƙara gaban Ubayyu ɗan Ka'ab ya ba Abbas gaskiya, Halifa ya janye. Sai bayan da haƙƙinsa ya tabbata ne Abbas ya ba da gidan sadaka don kansa. In har masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba a faɗaɗa shi da gidan da aka ƙwace ba, kuma fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ingancin sallar da aka yi a ƙasar ƙwace, to ina ga fadar mutum ɗaya? Aibin ginin Bukares a harsashinsa yake, kuma ba fenti ko canjin suna da zai wanke shi.

Sai dai rushewa ma ba ta zama magani ba a inda aka gwada. Jamusawa sun rushe Fadar Jamhuriya ta Jamus ta Gabas, sa'ar ginin Iganmu tun da ita ma a 1976 aka buɗe ta, tsakanin 2006 da 2008, suka mai da siffar fadar sarakunan Furushiya a gurbinta, suka kuma zuba kayan tarihin da aka kwaso daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, har da na Benin. Wato an kau da abin kunya ɗaya an tono wani da ya girme shi. Mutanen Warso sun yi ta muhawara a kan dogon benen da Stalin ya ba su kyauta, wanda aka gama a 1955, daga ƙarshe a 2007 suka sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. A Sofiya kuwa, hubbaren jagoran 'yan gurguzun Bulgeriya, Georgi Dimitrov, da aka gina cikin kwana shida a 1949, da aka zo rushe shi a 1999 an yi ta sa masa nakiya yana tsaye, sai da aka haɗa da injuna. Ibn Khaldun ya riga ya kawo misalin wannan a Muƙaddimarsa, inda ya ba da labarin Haruna Rashid da ya yi niyyar rushe Iwanin Kisra, Yahaya ɗan Khalid ya ba shi shawara ya bari, ya zarge shi da son Farisawa ya sa aka fara, aikin ya gagara ya haƙura. Kuma bakan wannan gini yana nan tsaye kusa da Bagadaza, bayan Kisra da Rashid duk sun wuce.

To, ginin Iganmu a kan fadama aka cike aka kafa shi, tarihinsa bai ɗauko rusau irin na Bukares ba, ba a kuma gina shi don mazaunin azzalumi ba. Laifin da ke tattare da shi namu ne, kuma daga baya ya zo. Fuƙaha'u da suka yi magana a babin waƙafi sun ce abin da ake fara fitarwa daga amfanin waƙafi shi ne kuɗin gyaransa, kafin a ba limami, kafin a ba miskini, ko da mai waƙafin bai shardanta haka ba, domin in asali ya lalace babu sauran amfanin da za a raba. Shi ya sa a Alƙahira da Fas da Istambul ba a gina madarasa sai an haɗa ta da kantuna ko gonaki da za su riƙe ta. Mu kuwa mun koyi bikin buɗewa ba mu koyi wannan babi ba. Hujja mafi sauƙi ita ce yayan da ke Varna: ƙasarsu ta fi mu shan wahalar sauyin mulki, jam'iyyar da ta gina shi ta faɗi, amma an ci gaba da amfani da shi, an sabunta shi, har aka buga gasar ƙwallon raga ta duniya a cikinsa a 2018. Zane kuwa ɗaya ne.

Akwai wani mutumin ƙasar gurguzu da ya yi mana akasin abin da Technoexportstroy ya yi, kuma mutanen Zazzau ya fi kamata su san sunansa. Zbigniew Dmochowski, malamin gine-gine daga Polan, ya shafe shekaru yana yawo a Nijeriya da igiyar awo da samarin da ya horar, yana auna gine-ginen ƙasa ɗaki ɗaki, kuma babu wanda ya ɗauki hankalinsa kamar masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon sashen ya ɗaga kai ya san abin da Baturen ya gani: ginshiƙai masu kauri da zane a jikinsu, bakan gizo suna tasowa daga gare su da azara a ciki an jera ta hawa hawa, suna haɗuwa a sama su ɗauki ɗaurin guga, ga sanyi a ciki ko da rana tana tsaka, ba rodi ba injin. A shekarun 1970, daidai lokacin da muke sayen kankare daga Bulgeriya, muka kewaye wannan masallaci da sabon ginin siminti, shi kuwa Baturen ya tafi Jos ya sa magina suka tayar da kwatankwacinsa da ƙasa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990.

Ginin ƙasa yana da wata tarbiyya da siminti ba shi da ita. Mai soro ya san in damina ta wuce sai ya hau ya duba indararo, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe ya shafa makuba, in ya yi sakaci shekara biyu rufi ya sauko masa. Saboda haka gyara ya zama ɗabi'a, sarautar magina ma ta zama gado. Siminti kuwa yakan yi shekara ashirin bai yi ƙorafi ba, sai mai shi ya zaci an gama da shi har abada. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufto a kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsagar tun kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma riƙo da sababi wajibi ne.

A Yulin 2020 Gwamnatin Tarayya ta miƙa ginin Iganmu ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna don su gyara. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa masa sunan Wole Soyinka albarkacin cikarsa shekara 90. Ran 1 ga Oktoba 2025 aka sake buɗe shi, bayan an kashe naira biliyan 68 kamar yadda aka sanar. Shi kansa Soyinka ya ce da zuciya biyu ya karɓi karramawar, tun da ya daɗe yana sukar masu liƙa sunayensu a kayan al'umma. Ga jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a ƙofarsa tun 2023. Ke nan 'yan gurguzu sun gina, soja sun buɗe, ma'aikatan gwamnati sun bari ya lalace, masu banki sun tayar. Kuma ra'ayina shi ne gyaran daidai ne, ya fi abin da aka yi wa otal ɗin Durbar nesa ba kusa ba. Amma banki ba ya zuba kuɗi don Allah da Annabi, kuma zauren da sai mai dubun dubata zai iya hayarsa ya fita daga hannun jama'a ko da takardarsa tana hannun gwamnati.

Kirana ga 'yan majalisar da muka tura Abuja shi ne su sa a rubuta a doka kason kuɗin shigar gidan da ba za a taɓa ba sai don gyara, a kuma ware ranakun da 'yan makaranta da ƙananan ƙungiyoyin wasa, har da masu wasan Hausa daga Kano da Kaduna da Zariya, za su shiga ba tare da an tsawwala musu ba. Ga kwamitin sake ginin masallacin Zazzau kuma, da attajiran da suka ba da gudummawa, Allah ya saka musu, a cire wani abu daga abin da aka tara a sayi kantuna a yi musu waƙafi da sunan masallacin, a kuma ɗauki magini da injiniya masu albashi waɗanda za su riƙa hawa rufin suna dubawa duk ƙarshen damina.